Da yawun wa? Ma'anar tsaya wa wani, daga ƙofar fada zuwa shari'ar Hadijatou Mani

1. Gabatarwa

Tun farkon shekarun 1990, lokacin da aka buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi a Nijar, wata kalma ta Faransanci ta shiga bakin ƴan boko ta zauna, wato plaidoyer. Ba a rasa ta cikin takardun ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, da na mata, da na makiyaya, da na masu ba da tallafi daga ƙasashen waje. Amma idan aka zo juya ta zuwa Hausa, a gidan rediyo ko a taron ƙauye, kowane mai fassara da tasa. Wani ya ce fafutuka, wani ya ce jan hankalin hukuma, wani neman goyon baya, wani kuma ya ce waye kai ya wuce abinsa. Wannan na ƙarshe kuskure ne a fili, domin waye kai daga sama yake gangarowa zuwa ga talakawa, alhali abin da muke zance a kansa daga ƙasa yake hawa zuwa ga mai iko.

A cikin wannan ƙasida ba kalma ɗaya muke nema da za ta maye gurbin ta Faransanci ba. Ra'ayinmu shi ne Hausa ta rarraba wannan aiki gida-gida, kuma rabon ya tsaya ne bisa tambaya guda: wa ya aiko mai magana, kuma shin wanda ake magana dominsa yana da ikon tsai da shi? Za mu bi tambayar ta cikin harshe da fiƙihu, sa'an nan mu gwada ta da abin da ya faru a ƙasarmu, musamman shari'ar da Hadijatou Mani ta yi da gwamnatin Nijar a 2008.

2. Abin da harshe ya tanada

Mu fara da nahawu. Harafin nan wa, wanda a yawancin karin harshen Nijar ake cewa ma, shi ne ke nuna wanda aiki ya faɗa kansa, amma ba ya faɗin ko alheri ne ya same shi ko sharri. "Ya tsaya mini" yabo ne. "Ya tsaya mini a wuya" kuka ne. Haka kuma "ya yi mini magana" tana iya nufin ya zanta da ni, ko ya tsawata mini, ko ya sa baki domina wurin wani babba. Sai an ji sauran zancen kafin a san wadda ake nufi. Wato ke nan tun daga ginin jimla Bahaushe bai ɗauka cewa duk wanda ya yi maka abu ya taimake ka ba.

Akwai kuma maganganu biyu da suka shafi baki. Idan aka ce wane ya yi magana da yawun sarki, ana nufin bakin nasa ne amma yawun na mai aike ne, saboda haka nauyin maganar na kan wanda ya aiko. Kishiyar wannan ita ce a ari bakin mutum a ci masa albasa: an faɗi abu da sunansa ba da saninsa ba, warin kuma ya rage a bakinsa. Duk mai tsaya wa wani yana tsakanin waɗannan biyu. Kalmar avocat ma daga advocatus ta Latin ta fito, ma'anarta wanda aka kira ya zo ya tsaya gefen mai ƙara. Kiran ne ya fara zuwa, tsayuwar ta biyo baya.

A masarautun Hausa na da, talaka ba ya miƙewa gaban sarki kai tsaye. Sai ya nemi ƙofa, wato bafade ko hakimi ko bawan sarki da zai shigar da kukansa, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na sarautun arewacin Najeriya. Ƙofa tana da amfani, don ta san lokacin da sarki ke cikin nishaɗi da lafazin da ya dace. Sai dai ba a zuwa wurinta hannu rabbana, kuma abincinta yana hannun sarki, ba hannun mai kuka ba. Ranar da bukatun biyu suka yi karo, an san inda za ta karkata. Haka nan Iya a Maraɗi da Inna a Gobir ta Tsibiri: su ne ke riƙe da al'amuran mata da na ƴan bori a fada, suna da faɗa a ji ƙwarai, amma daga gidan sarauta suke, kuma sarki ke naɗa su. Matan da suke shugabanta ba su zaɓe su ba.

Ceto wani gida ne dabam. Mai ceto ba ya jayayya a kan gaskiya. Ya yarda an yi laifi, ko ya yi kamar ya yarda, yana roƙon a yi haƙuri, a duba girman Allah, a bar wane ya ci albarkacin wane. Ceto yakan fid da mutum daga kaso, amma yana barin ikon mai iko yadda yake, har ma ya ƙara masa kwarjini, tunda an shaida cewa afuwa a hannunsa take. Ƙwato haƙƙi kuwa ba roƙo ba ne, cewa ne abin nan nawa ne tun asali. Mun lura masu fassara da yawa suna sa lafazin ceto a bakin mutanen da haƙƙi suke nema, su ce "suna roƙon gwamnati ta taimaka ta dube su", alhali abin da mutanen suka faɗa shi ne a aiwatar da doka. Irin wannan ladabi na mai fassara yana rage wa masu magana matsayi ba tare da sun sani ba.

3. Wakili, waliyyi da fuduli

Wurin ɗaurin aure ne bambancin ya fi fitowa sarari. Ango yana da wakili, amarya tana da waliyyi. Wakili ɗan aike ne: baligi mai hankali ya ɗora masa magana, yana kuma iya sauke shi. Waliyyi kuwa ba wadda yake magana dominta ce ta naɗa shi ba. Dangantaka da shari'a suka ba shi matsayin, har ma malamai suka ɗauki shirun budurwa a matsayin yardarta. Mutum biyu ke nan zaune a tabarma ɗaya, kowa na magana domin wani, amma tushen ikonsu ba ɗaya ba ne.

Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun keɓe babi ga wakilci, kuma ƙa'idodinsu sun cancanci ɗalibin kimiyyar zamantakewa ya duba su. Wakili ba ya wuce iyakar da aka yanka masa. Ba ya amsa laifi ko bashi da sunan mai aike sai in an ba shi wannan izni. A cikin husuma, mutum ɗaya ake wakiltawa, sai fa in abokin shari'a ya yarda da ƙari. Idan kuma wakili ya zauna da abokin husuma har sau uku gaban alƙali, ba a sauke shi haka kawai ba da uzuri ba, don kada a mai da canjin wakili dabarar ja wa shari'a rai. Duk waɗannan sharuɗɗa suna tsare abu ɗaya ne: maganar ta ci gaba da zama ta mai ita.

Akwai mutum na uku da malaman fiƙihu ke kira fuduli, wato wanda ya yi ciniki ko ya ƙulla wani abu da dukiyar wani ba tare da an sa shi ba. Da Hausa sai mu ce mai shisshigi. Abin lura shi ne Malikiyya ba su rushe cinikinsa nan take ba. Sun rataye shi ne, sai mai abu ya zo. In ya amince ya tabbata, in ya ƙi ya warware. A ganinmu wannan shi ne matsayin yawancin ƙungiyoyin da ke cewa suna magana domin talakawa. Ba wanda ya aike su ranar da suka fara. Sau da yawa ma ba yadda za a yi a aike su, domin wanda ke cikin ƙangi ba shi da sukunin naɗa wakili, wani lokaci bai ma san akwai ƙofar da ake bugawa ba. Shisshiginsu na iya zama wajibi. Amma aikinsu a rataye yake har ranar da mai abu ya samu bakin cewa na yarda ko ban yarda ba. Haɗarin shi ne fuduli ya daɗe bisa kujera har ya ɗauki kansa waliyyi, ya riƙa fassara shirun mutane da yarda.

Masana na waje sun taɓo wannan matsala ta wasu hanyoyi. Pierre Bourdieu, a wata maƙala ta 1984 a kan wakilcin siyasa, ya nuna cewa jama'a ce ke yin kakaki, amma kakakin ma yana yin jama'ar, tunda ta bakinsa ake sanin akwai ta. Daga nan yake samun damar sa muradinsa a matsayin nata. Linda Alcoff kuma, a 1991, ta yi gargaɗin cewa janyewa a yi shiru don tsoron aron baki ba mafita ba ce, domin shirun mai hali yakan bar mai rauni a hannun wanda ya danne shi. Mun kawo su ne don ɗalibai su ga cewa muhawarar ɗaya ce, kuma kayan aikinta suna nan cikin harshenmu da zaurukanmu.

4. Ranar 13 ga Mayu 1991

Kafin Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, an kafa kwamitin share fage, aka sa mace ɗaya tak a ciki. Mazan da ke kwamitin, ƴan jam'iyyu da ƴan ƙwadago da ɗalibai, suna ganin kansu masu magana da yawun al'umma baki ɗaya, har da mata. Ranar 13 ga Mayu mata suka fito zanga-zanga a Yamai suka ce ba su aiki kowa ba. Aka ƙara yawan mata a kwamitin, daga baya aka mai da ranar ta zama ranar matan Nijar, kuma a shekarar 2000 aka yi dokar da ta keɓe wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na manyan muƙaman naɗi. Wannan misali ne na mai abu da ya zo ya warware cinikin fuduli. Sai dai yawancin waɗanda suka jagoranci fitowar matan birni ne masu ilimin boko, saboda haka tambayar ta sake dawowa a wani mataki: da yawun wa suke magana idan suka ce "matan karkara"?

5. Timidria da shari'ar Hadijatou Mani

A wannan shekara ta 1991 aka kafa ƙungiyar Timidria, wadda sunanta ke nufin ƴan'uwantaka da harshen Tamajak, don yaƙi da bauta da wariyar asali. Da yawa daga cikin mambobinta sun fito ne daga zuriyar da ake yi wa kallon bayi, wanda ya sa ba baƙi ba ne ga ciwon da suke magana a kai. Matsin lambarta na cikin abin da ya kawo dokar watan Yuni 2003, wadda ta shigar da laifin bauta cikin kundin hukunta laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Dokar ta ƙunshi wani sashe da ya shafi zancenmu kai tsaye: ta ba ƙungiyar da ke da rajista tun aƙalla shekara ɗaya, wadda yaƙi da bauta ke cikin manufofinta, damar shiga shari'a ta nemi diyya a kan irin wannan laifi. Wato majalisa ta gane cewa wanda ke hannun ubangida ba zai iya kai kansa kotu ba, sai ta halatta wa wani ya yi shisshigi dominsa.

Abubuwa biyu sun nuna wahalar wannan matsayi. Na farko ƙidaya. Binciken da ƙungiyar ta gudanar tare da Anti-Slavery International ta Ingila, wanda aka wallafa a 2004 ƙarƙashin jagorancin Galy Kadir Abdelkader, ya ji ta bakin mutum wajen dubu 11. Daga cikinsa lambobi biyu suka bazu a duniya: wata ta haura dubu 800, wata kuma ta ce aƙalla dubu 43. Masu musun akwai bauta suka kama wannan tazara suka yi ta kaɗawa. Wanda ke magana domin wasu yana da jarabar kumbura lamba don a saurare shi, amma ranar da aka kama lambar da rauni, waɗanda ya tsaya wa ne ke biyan bashin.

Na biyu shi ne abin da ya faru a In Atas, cikin jihar Tilaberi, a watan Maris 2005. An sanar cewa wani basarake zai ƴanta mutum dubu 7 a bainar jama'a. Ranar bikin zancen ya juye: wakilan hukuma suka ce babu bauta a Nijar, basaraken ya janye maganarsa. A watan Afrilu aka kama shugaban Timidria na lokacin, Ilguilas Weila, bisa zargin neman damfarar masu ba da tallafi, ya yi makonni a kaso kafin a sake shi. A nan an ga kuɗin da mai tsaya wa wani ke biya da jikinsa. An kuma ga wani abu: basarake ya yi magana, hukuma ta yi, ƙungiya ta yi, ƴan jaridar waje sun yi, amma muryar da ta fi ƙaranci a cikin labarin ita ce ta mutum dubu bakwai ɗin da ake taron dominsu.

Shari'ar Hadijatou Mani ta bi wata hanya. A 1996, tana da shekara kamar 12, aka sayar da ita a kan jika 240 ga wani mai hali a yankin Ƙonni, ta zama wahaya, wato wadda ake riƙe da ita bayan mata huɗu, ba sadaki ba ɗaurin aure, ga aikin gida da na gona ga kwanciya. Ta shekara tara a haka, ta haifa masa ƴaƴa. A watan Agusta 2005 ya ba ta takardar ƴantawa, amma ya hana ta tafiya, ya ce ai matarsa ce. Ta fita ta ƙi komawa, ta kai ƙara kotun Ƙonni a farkon 2006. Kotun farko ta ce babu aure tsakaninsu. Ta sama da ita ta soke wannan hukunci bisa hujjar al'ada. Zance ya kai Kotun Ƙoli ya dawo. Ana cikin haka ta auri mijin da take so, sai tsohon ubangidan ya kai ƙarar cewa ta yi aure kan aure. A watan Mayu 2007 aka yanke mata wata shida, ita da mijin da ɗan'uwanta, ta yi wajen wata biyu a kaso.

A lura da jerin abubuwan. Ita ce ta fara cewa a'a. Timidria ta tsaya mata, lauya Abdourahaman Chaibou ya karɓi shari'ar, ƙungiyoyin Interights da Anti-Slavery International suka kawo gudummawar masana doka, amma duk sun zo ne bisa wata magana da ta riga ta fito daga bakinta. Wannan wakilci ne na sosai. Da sunanta aka shigar da ƙara gaban kotun CEDEAO a 2007, bisa gyaran da aka yi wa ƙa'idar kotun a 2005, wanda ya ba ɗaiɗaikun mutane damar kai ƙarar gwamnati kan take haƙƙi ba sai sun ƙare da kotunan gida ba. Lauyoyinta suka nemi kotun ta baro Abuja ta zauna a Yamai saboda rashin halin mai ƙara da shaidunta. Aka yi zaman a watan Afrilu 2008, ta tsaya gaban alƙalai ta ba da labarinta da kanta. A wurinmu wannan roƙo na a kawo kotu kusa shi ne mafi kyawun abin da lauyoyin suka yi, domin da shi suka mayar wa mai magana bakinta.

Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta yanke cewa an bautar da ita, kuma hukumomin Nijar, musamman alƙalan da suka ga takardar ƴantawa ba su tuhumi kowa ba, sun kasa kare ta. Ta umarci gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10, daga cikin miliyan 50 da aka nema. Ba ta karɓi sauran ƙorafe-ƙorafen ba: ta ce wariyar da aka nuna mata aikin ubangidan ne ba na gwamnati ba, ɗaurin da aka yi mata kuma bisa hukuncin kotu aka yi shi.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi tunani. Ga ƙungiyoyin, wannan babbar nasara ce: hukunci ne da za a riƙa kafa hujja da shi a Afirka ta Yamma, kuma a 2009 Amurka ta ba Hadijatou lambar yabo ta mata masu jaruntaka. Ga ita kuwa, abin da ya fitar da ita daga gidan tun farko shi ne a bar ta da mijinta da rayuwarta, kuma zancen aure kan aure ya ci gaba da rataye a wuyanta har 2019, lokacin da kotu a Nijar ta wanke ta, ta kuma ce riƙon wahaya ya saɓa wa doka. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin ranar da duniya ta yi murna da ranar da mai ƙara ta samu abin da ta fita nema. Ba muna cewa an ci amanarta ba. Waɗanda suka tsaya mata ba su yar da ita a hanya ba. Muna cewa ne ko a wakilci mafi tsabta, bukatar wakili da ta mai aike tafiya suke tare ba tare da sun zama abu ɗaya ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ƙara da cewa Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu 2025, saboda haka duk mai nazarin irin wannan shari'a a yau sai ya sake duba waɗanne ƙofofi suka rage wa mai kuka bayan kotunan gida.

6. Shawara ga masu fassara

Tunda yawancin takardun da ke zuwa sashenmu daga Faransanci ake juyo su, muna ba da shawarar a daina neman kalma ɗaya ga plaidoyer. Inda masu abu suka ɗora wa wani magana kuma suna iya sauke shi, kamar lauya ko shugaban ƙungiyar ƙwadago da aka zaɓa, a ce wakilci ko magana da yawu. Inda ake neman sassauci ga wanda hukunci ya hau kansa, a ce ceto. Inda mutanen da abin ya shafa suka fito da kansu, kamar matan 13 ga Mayu, a ce neman haƙƙi ko fafutuka. Inda kuwa wata ƙungiya ta ɗauki maganar mutanen da ba su aike ta ba, mu mun fi son tsaya wa, domin harafin wa ya bar ƙofa a buɗe, bai riga ya yanke cewa alheri aka yi musu ba. Idan takardar Faransanci ba ta bayyana wanne daga cikin huɗun take nufi ba, mai fassara ya koma wurin marubucinta ya tambaye shi kafin ya sa alƙalami.